Mitar Auna Kunya

Ba zan taɓa mantawa da ranar rabon kyaututtuka ta makarantarmu ba, kuma ko na so in manta mutanen garin nan ba za su bar ni ba. Abin ya kwana biyu, amma har yau in na tsaya sayen tumatir ranar kasuwar Tsanyawa sai an sami wanda zai leƙo ta bayan wani ya ce, "Malam, yau ba ka fito da ita ba?" Na gaji da bayani. Na yi shi a ƙofar masallaci, na yi shi a cikin bas, har a wajen zaman makoki na yi shi. Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, duk wanda ya sake tambaya in miƙa masa ya karanta, ni kuma in huta.

Ni malamin fiziks ne a wata sakandaren je-ka-ka-dawo da ke tsakiyar gonaki, irin makarantar da in damina ta yi nisa ba ka hango ajujuwan sai ka ratsa dawa. Muna da wani ɗaki da ake kira ɗakin kimiyya. Sunan ya fi ɗakin girma. Abin da ke ciki dogayen tebura ne, da kabad mai ƙofa ɗaya, da ƙwarangwal na roba wanda hannunsa na dama ya ɓace tun kafin zuwana, sai wata tsohuwar mitar auna wuta mai allura. Rufin yana yoyo ta kusurwar gabas. Duk da haka nan ne kaɗai nake iya nuna wa yara abu su gani da idonsu, maimakon in zana batir a allo in ce su yarda da ni.

To, sai kwamitin iyaye ya tayar da maganar a mai da ɗakin sito. Ƙungiyar manoman garin tana neman wurin ajiye taki, ta ce za ta gyara rufin da kanta, kuma a ganinsu yaran da ke shiga ɗakin ba su taka kara sun karya ba. Abin da ba su damu su ji ba shi ne in ɗakin ya tafi, ajin kimiyya ma ya tafi, domin ba a barin makaranta ta zana jarrabawar kimiyya ba ta da inda za a yi gwaji. Samarin sai su hau keke su koma wani gari. 'Yan matan kuwa ba wanda zai bar su su bi hanya kullum, sai dai a ce su haƙura su shiga ajin da ya saura. Aka tsayar za a yanke shawara ranar rabon kyaututtuka, da zarar an tashi daga taro. Firinsifal ya kira ni ofis ya ce, "Malam, ka shirya wani abu ka nuna musu ranar. Abin da zai sa su ji nauyin jibge taki a wurin."

Shugaban kwamitin nan surukina ne, mahaifin matata Rakiya. Ba na faɗin sunansa da baki, ba kuma zan faɗa a takarda ba. Baba nake ce masa, shi kuma Malam yake ce mini. Dattijo ne manomi, mai kamun kai, wanda in an yi rigimar iyakar gona shi ake kira ya tsaya a tsakani. Wajen kunya kuwa da shi ake misali a garin: ko sunan ɗansa na fari ba ya faɗa. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa haɗa ido da shi ba, ban taɓa cin abinci a gabansa ba, in na hango shi a hanya sauka nake daga babur in tsuguna. Maganarmu ba ta taɓa wuce gaisuwa ba. (Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.)

Abin da na zaɓa in nuna ya samo asali ne daga wani takaici da ya daɗe yana cina. Kowace mita, kafin ta gaya maka ƙarfin wuta, sai ta ɗan sha daga wutar da take aunawa. Tsohuwar tamu haɗamammiya ce. Duk shekara nakan sa yara su soka ƙusa da guntun tagulla a cikin lemun tsami, in ce musu sun yi batir. Wutar lemo kaɗan ce, sai mitar ta shanye, allura ta ɗan ɗaga kai ta koma ta kwanta. Yara su dubi allura, su dubi adadin da na rubuta a allo, su dube ni. Na san kallon da ake yi wa mai ƙarya.

Maganin abin shi ne mitar da ba ta sha sai ɗan abin da ba a rasa ba. Akwai wani ƙaramin taransista da masu gyaran rediyo ke ce wa fet, bai wuce ƙwayar wake ba, yana da ƙafa uku. Ɗaya daga cikin ƙafafun ana ce mata get, wato ƙofa. Abin burgewa da ƙofar nan shi ne wuta ba ta ratsa ta, tsayawa kawai take a baki, shi kuma fet ɗin ya ji ƙarfinta ya gaya wa allura. In ka haɗa guda biyu, ka sa allura a tsakaninsu, ka ba su nasu batir, ka sami mitar da take auna abu ba tare da ta rage shi ba.

Na hau bas na shiga Kano, na sha yawo a rumfunan masu kayan rediyo kafin na sami fet ɗin. Allura na ciro daga wata matacciyar sitabilaiza, na'urar daidaita wutar gida. Wutar lantarki a garinmu baƙuwa ce, don haka a gawayi nake gasa ƙarfen narka dalma, a gindin darbejiyar tsakar gida, bayan la'asar. Fet na farko da zafin ƙarfe na kashe shi. Na biyu na haɗa shi a juye. Rakiya tana gefe tana tsinar shinkafa, ba ta ɗago kai ba ta ce, "Gawayin nan da kake ƙonawa da ya dafa mana wake."

Akwai wani resista babba, abin da ke rage gudun wuta, da ake sawa tsakanin ƙofar fet da abin da muke ce wa ƙasa, wato layin da wuta ke komawa gida. Aikinsa ya riƙe ƙofar, kada ta riƙa sauraron duk abin da ya gifta ta iska. Ban sami mai girman da nake so ba, sai na sayi ƙanana na jona su ɗaya bayan ɗaya da dalma, suka yi tsawo kamar carbi. Na cusa komai a cikin gwangwanin alewa, na fitar da waya biyu, ja da baƙa. Na soka su a lemo. Allura ta miƙe ta tsaya daidai inda littafi ya ce. Wallahi sai da na ji ƙwalla.

Da na kai ta aji sai na rasa yadda zan faɗa da Hausa su gane. Can dabara ta zo mini. Na ce, "Tsohuwar mita kamar baƙon nan ce da za ka ce ya ɗanɗana maka miya ya ji ko gishiri ya ji, ya shanye tukunyar. Sabuwar kuwa suruki ce a gidan surukai. A ajiye masa tuwo, ya taɓa da bakin yatsa ya ce ya ƙoshi, amma ya riga ya san ɗanɗanon miyar. Wannan mita ce mai kunya." Ajin ya ɗauki dariya, kuma duka suka gane, har masu barci a baya. Na ji daɗin misalin nan fiye da kima. Na maimaita shi a ɗakin malamai, na maimaita wa Firinsifal, na maimaita wa mai shayi.

Ana gobe taro na dubi gwangwanin alewar nan na ga bai dace da gaban manya ba. Na ari wata roba mai garai-garai ta Rakiya, wadda take zuba daddawa, don mutane su ga kayan ciki su san an sha wahala. Komai ya shiga, ban da carbin resistan nan. Na lanƙwasa shi ya ƙi, na naɗe shi murfi ya ƙi rufuwa. Sai na zauna na yi wa kaina lissafi irin na mai neman uzuri: ai carbin nan ma yana ɗan shan wuta, in na cire shi kunyar mitar ƙaruwa za ta yi. Na sa almakashi na datse. Na soka wayoyin a lemo, allura ta nuna daidai. Abin da ban gwada ba shi ne in bar jar wayar tana reto a iska, mutane suna kai da kawo kusa da ita.

Rakiya ta ɗauki carbin daga ƙasa ta ce, "Wannan fa?"

Na ce, "Ba shi da amfani."

Ta ce, "To me ya sa ka ƙare mini gawayi wajen haɗa shi?"

Na rufe robar. Mai ilimi ba ya tsayawa amsa irin wannan tambaya.

Ranar taro bazara ce tsagwaronta, iska a bushe ƙamas, zafi kamar a bakin murhu. An kafa rumfuna, an jera fararen kujerun roba. Manya a gaba, Baba a tsakiyarsu cikin sabuwar babbar riga mai sheƙi, irin yadin nan mai haɗin leda. Mata a ɗaya gefen, cikinsu har da Rakiya da mahaifiyarta, wadda nake ce wa Inna. Aka yi ta jawabai har 'yan kwamiti suka fara gyangyaɗi. Ni ina gefe da teburina, ga mita a cikin robar daddawa, ga lemuka a faranti ban soka su ba tukuna, jar waya tana lilo a bakin tebur.

Mai riƙe da lasifika Malam Sabo ne, malamin Hausa, mutumin da in ka ba shi kalma ɗaya zai dawo maka da ita da rawani. Ya matso ya ce, "Me zan ce musu?" Na ce, "Ka ce mita ce mai kunya, tana auna wuta ba ta sha." Ya gyaɗa kai kamar ya ji. Ya koma tsakiyar fili, ya gyara hula, ya buɗe murya.

"Jama'a, ku farka! Yau za ku ga abin da ba a taɓa gani ba a ƙasar nan. Malaminmu na kimiyya, da hannunsa, ya ƙera na'urar da take auna kunya!"

Filin ya ɗauka gaba ɗaya. Na ɗaga hannu ina kaɗawa alamar a'a, mutane suka zaci gaisuwa ce suka tafa. Na yunƙura zan je in karɓi lasifikar, Firinsifal ya riƙo gefen rigata ya raɗa mini, "Bar shi tukuna, ba ka ga sun farka ba?" Na duba, gaskiya ne. 'Yan kwamitin nan da ke gyangyaɗi duk sun miƙe zaune, sun zuba wa teburina ido. Tunda na zo makarantar ba a taɓa yi wa kimiyya irin wannan kallo ba. Na ce a raina bari in bar su su ɗan matso, sai in gyara maganar, in soka lemo. Allura tana kan sifili, me zai faru?

Wanda ya fara tasowa Ilu ne, dillalin awaki, mutumin da duk garin ya shaida bai san inda kunya take kwana ba. Shi ne mai zuwa walimar da ba a gayyace shi ba ya tambayi ina nasa ƙunshin. Ya zame daga kujerarsa ya iso yana cewa, "A fara da ni!" Bai ma taɓa komai ba, hannu kawai ya miƙo kusa da jar wayar. Allura ta zabura ta tafi dama, har ƙarshe.

Malam Sabo ya leƙa ya yi ihu, "Ta cika! Ta cika fal!"

Ilu ya juya ya fuskanci jama'a, ya baje hannuwa ya ce, "Kun gani ko? Shekara nawa ina gaya muku ba ku fahimce ni ba ne!"

Ana ta faɗuwa don dariya, ni kuma a take na gane abin da ya faru. Kun san wutar nan da take taruwa a jikin mutum lokacin rani, wadda in ka tuɓe riga za ka ji tana ƙas-ƙas? In yadi ya gogu da kujerar roba a busasshiyar iska, mutum yakan tashi ɗauke da ita bai sani ba. Carbin da na datse shi ne mai kwashe ta ya kai ƙasa. Gwangwanin da na raina shi ne mai kare mitar daga ita. Na cire duka biyun, na bar waya tana reto, ƙofar fet ta zama kunnen da ke jin kowa. Wani yadin ya tura allura dama, wani ya tura ta hagu, mai gumi kuwa ba ta ma san ya zo ba.

Na miƙa hannu zan kashe ta ke nan, sai na ji Malam Sabo yana cewa, "Yanzu kuma, don a ga yadda kunya ta asali take, muna roƙon uban taro, shugaban kwamiti, ya taso ya sa mana albarka."

Baba ya ɗaga hannu alamar a bar shi. Aka nace. Dattawan da ke gefensa suka ce, "Tashi mana, Alhaji, ka nuna wa yaran nan." Ya zamo daga kujerar a hankali, rigar nan tana jan roba, ya taho.

Ga inda tarbiyya ta kashe ni. Surukina ya doso ni, ƙafafuna ba su jira shawarata ba. Kafin in ankara na tsuguna, kaina a ƙasa, hannuna a kan gwiwa, makunnin mitar yana can saman tebur. Da in miƙe tsaye a gabansa in kai hannu ta gefen kafaɗarsa, abin bai ma zo mini a matsayin abin da ɗan Adam zai iya yi ba. Takalmansa kawai nake gani. Suka tsaya. Na ji wata 'yar ƙara, ƙis, wato allura ta bugi ƙusar da ke tare ta. Daga ƙarar na san ba ta dama ba ce.

Malam Sabo, lasifika a bakinsa, ya karanta kamar mai karanta sakamakon jarrabawa. "Sifili... a'a, tsaya. Ta wuce sifili. Ta yi ƙasa." Sai da ya gama faɗa ya ji abin da ya faɗa.

Ban taɓa jin shiru irin wannan ba. Har kukan wata akuya daga bayan katanga sai da na ji. Ba wanda ya yi dariya, kuma rashin dariyar ya fi dariyar ciwo.

Baba ya ce, "Malam, mene ne ma'anar wannan?"

Wannan ita ce tambaya ta farko da ya taɓa yi mini ban da ina kwana da ina gajiya. Malam Sabo, don ya wanke kansa, ya sunkuyo ya kanga mini lasifikar a baki. Muryata ta fito ta cika fili.

"Baba, ba kunya take aunawa ba. Wuta ce."

Ya ce, "Wuta? A jikina?"

Wani daga baya ya ce, "Subhanallahi." Na ji wata tsohuwa ta fara neman tsari.

Na ce, "A'a, Baba, ba waccan wutar ba. Wannan ta gogayya ce. In mutum ya zauna a kujerar roba, sai... wato in ya goga... in wajen..." Nan na tsaya cak. Kalmar da nake bukata tana nan a Hausa, kowa ya san ta, amma ba a halicci bakin da zai faɗe ta ga surukinsa ta lasifika ba. Na nemi wata na rasa. Sai wata dabara ta zo mini, irin wadda take zuwa wa mutum in hankalinsa ya riga ya yi gaba: tunda ba zan iya faɗa ba, bari in nuna. Ai kimiyya gwaji ce.

Na miƙe na jawo kujerar da ta fi kusa wadda ba kowa a kai. (Sai daga baya aka gaya mini ta Baba ce. Kujerar uban taro.) Na zauna. Na fara murzawa, hagu da dama, gaba da baya, da gaske, don in tara wutar da za ta wanke ni. A gaban Baba. A gaban Inna. A gaban matata, da ɗalibaina, da liman, da mai unguwa. Kujerar tana ƙiiƙ-ƙiiƙ, Malam Sabo kuma bai janye lasifikar ba. Na miƙe da sauri na kai hannu kusa da wayar ina cewa, "Ku duba, yanzu za ta motsa."

Ba ta motsa ba. Na jiƙe sharkaf da gumi tun daga hula har wando, kuma jiƙaƙƙen mutum ba ya tara irin wannan wuta. Na sani, ni nake koyar da shi. Amma maimakon in tsaya, sai na koma na zauna na sake murzawa, wannan karon da ƙarfi. Na sake miƙewa. Allura tana kan sifili, ko gezau.

Daga ɓangaren mata wata murya ta fito, ba da ƙarfi ba, amma shirun ya kai ta ko'ina: "To, wannan karon kam ta faɗi gaskiya."

Nan ne dariyar da aka danne ta ɓalle. Na ga Inna ta ja mayafi ta rufe fuska. Rakiya ban gan ta ba sam, ashe ta sunkuya bayan wata ne. Baba kuwa ya juya. Ya dubi kujerarsa, ya dube ni (karo na farko da muka haɗa ido, kuma da ma ba mu haɗa ba), ya tattara rigarsa, ya wuce ya zauna a kan bencin ɗalibai. Lemukan nan suna faranti har aka tashi, ba wanda ya tambayi amfaninsu.

Kwamiti ya shiga ofis. Ni na koma ɗakin kimiyya na zauna kusa da ƙwarangwal, ina kallon teburan da na san gobe buhuna za su hau. Ban ma ji haushin kowa ba, gajiya ce kawai ta sauko mini, irin wadda ba barci ke maganinta ba. Tunanin 'yan matan ajina nake, da yadda zan dube su in ce musu da kujera na sayar da jarrabawarsu.

Firinsifal ya shigo yana goge ido da hankici. Na ce, "Ranka ya daɗe, yaushe za mu kwashe kayan?"

Ya ce, "Ba inda za ka kwashe su." Ya zauna a kan tebur ya ba ni labari. Wai mutanen ƙungiya sun kawo maganar taki, kowa ya ɗauka an gama, tunda ba a zaton shugaba zai tsaya wa wanda ya yi masa haka. Baba ya bari kowa ya gama, sannan ya ce, "A bar masa ɗakin. A gyara rufin, a sa ƙofa mai kuba. Irin wannan abu a cikin ɗaki ya kamata a riƙa yinsa. In kuka fitar da shi daga nan, a dandali zai riƙa yi mana." Ba wanda ya yi musu. Wai har shugaban manoman ya ce lallai wannan hujja ce.

Haka aka bar mana ɗakin kimiyya. Ba don an ga amfanin kimiyya ba, sai don a kare jama'a daga gare ni.

A gida Rakiya ta wuni ba ta yi mini magana ba. Da ta kawo abinci ta dube ni za ta ce wani abu, sai dariya ta ƙwace mata, ta yi ta yi har da riƙe ciki. Da ta lafa ta buɗe gwangwanin zarenta ta fito da carbin resistan nan ta ajiye a gabana. Ta ce, "Ga abinka marar amfani. Ka ba ni robata." Na mai da shi da dalma, na mai da komai cikin gwangwanin alewa. Tun daga ranar mitar ba ta sake kula kowa ba sai abin da aka soka mata. Tana nan a kabad, tana auna lemo daidai. 'Yan matan sun zana jarrabawarsu a ɗakin, a ƙarƙashin sabon kwano. Ajin ma ya ƙaru, ko da yake na san rabinsu mitar kunya suka zo gani.

Sauran kuwa ina ta biya. Ilu har yau yana kafa hujja da ni a kasuwa. An taɓa sallama da ni da sassafe, wani bawan Allah daga wani ƙauye, wai yana so a auna masa yaron da ke neman 'yarsa. Baba kuma bai sake zama a kujerar roba ba. Duk taron da ya je, ɗaurin aure ko suna, sai a shimfiɗa masa tabarma, kowa ya san dalili, kowa kuma sai ya waiwayo ya neme ni.

Na daɗe ina kewaye layin gidansu kafin Rakiya ta tilasta mini zuwa ba da haƙuri. Na same shi a zaure, na tsuguna daga bakin ƙofa, na fara jero kalmomin da na shirya a hanya. Bai bar ni na kai ƙarshe ba. Aka kawo masa tuwo, ya buɗe kwanon, ya turo shi tsakaninmu. Na ce na ƙoshi, kamar yadda na saba. Ya wanke hannu, bai dube ni ba, ya ce, "Matso ka ci, Malam. Ai ni da kai an riga an auna mu."

Na matsa na ci. Miyar kuka ce, gishiri ya ji daidai.

Abin da na koya bai da yawa. Duk abin da ka ga an ɗaure shi da ƙasa, kada ka datse don kawai ya ƙi shiga roba. Misali kuma, komai daɗinsa, a bar shi a cikin aji, kada a ba malamin Hausa alhali lasifika tana hannunsa.